Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: a bakin wa ya dace?

Mai Vespa, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Ina roƙon manya su raba mini gardama da yayana a kan wani karin magana. Makon jiya na dawo daga Yola a kan tsohuwar Vespa ta mahaifinmu, na bi ta Bauchi da Gombe da Numan, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, domin mai ƙananan tayoyi ba ta son gaggawa, injinta kuma yana bukatar a bar shi ya huce. A hanyar zuwa, na wuce Alkaleri ke nan rana ta yi ja, sai wayar kuloci ta tsinke. Na tura babur ɗin har bakin wani ƙauye, inda na tarar da wani dattijo a ƙofar gidansa yana ɓarar gyaɗa. Bai tambaye ni daga ina nake ba sai da ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha, sannan ya aiki jikansa a keke ya kira bakanike, shi kuma ya ce gyara sai da safe. A zaurensa na kwana, a kan wata tabarmar kaba wadda gefenta ya zare, bayan an kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Da gari ya waye ya yi ta ba ni haƙuri cewa ban sami abin kirki ba, ni kuwa na ce masa, "Baba, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya yi murmushi. Yayana ya ce na yi masa gori ban sani ba, domin na amsa ke nan cewa tabarmarsa ba ta kai ba. Shin na yi kuskure?

Malamin Hausa, Bukuru

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka yi kuskure ba. Ka dubi kalmar shimfiɗa: abin da aka shimfiɗa shi ne aka warware aka buɗe domin wani ya zauna a kai, shi ya sa muke cewa mutum ya saki fuska, kishiyarsa kuma ya ɗaure ta, kamar tabarmar da aka naɗe aka jingine a lungu. Karin maganar bai ce tabarma banza ce ba, ya jera abu biyu masu kyau ne ya fifita ɗaya. Abin lura shi ne mai faɗa. A bakin baƙo lallashi ne ga mai gida wanda yake jin kunyar ƙarancin abin da ya bayar, amma idan mai gida ne ya faɗa wa baƙonsa, to ta zama hanzari, musamman in yana da hali ya hana.

Hajiya, Kubwa, Abuja

Malam, a gafarce ni, ni ina tare da yayan yaron nan, ko da ba gaba ɗaya ba. Tuwon nan wata ce ta tuƙa shi, kuma mai yiwuwa daga rabon 'ya'yanta aka ɗebi na baƙo, tunda ba a sa da shi a tukunya ba. Ita ba ta fito ta shimfiɗa masa fuska ba, tana cikin gida, abin da ya iso gare shi daga hannunta shi ne malmalar tuwo. In aka ce fuska ta fi, ina aka ajiye ta? A ganina wannan karin magana na gidan da ba a sami komai ba ne sai fara'a, gidan dattijon nan kuwa an ba da duka biyun. A nan Abuja na sha jin masu hali suna fakewa da shi: a tarbe ka da dariya har kunne, a sallame ka ko ruwa ba ka sha ba.

Direba, tashar Bauchi Road, Jos

Ni ba malami ba ne, amma hanyar Gombe ta cinye mini shekaru. Abin da ba a ambata ba shi ne kasadar da tsohon ya yi. A wannan zamani, mutum ya zo maka da almuru a kan babur, ba ka san asalinsa ba, ka buɗe masa zaurenka ka kwanta ka yi barci, wannan ya wuce tabarma, ya ma wuce murmushi. Na kuma lura cewa mai babur ya fi mu samun irin wannan tarba, domin mu muna bayan gilashi, shi kuwa ana ganinsa gaba ɗayansa, da ƙurar da ke girarsa da jakar da ya ɗaure a baya da igiyar roba. Sai dai ƙanena, kada ka ɗauka kowace sakakkiyar fuska a kan hanya ta alheri ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma na ga waɗanda suka koya wa fuskarsu ƙarya.

Malamin Hausa, Bukuru

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan uwargida, na manta da ita, kuma bai kamata ba. Amma ban yarda cewa sai inda babu komai ake faɗarsa ba. Tuwon ma yana da fuska: akwai wanda ake dangwarar wa mutum a gabansa, akwai wanda ake ajiyewa da hannu biyu, an rufe shi da faifai. Addini ma ya haɗa su ne, domin hadisi ya kira murmushi ga ɗan'uwa sadaka, wani hadisin ya sa liyafar baƙo kwana uku, matafiyin da guzurinsa ya yanke kuma yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su zakka. Shirun da dattijon ya yi, ni ina ɗaukarsa na mutumin da aka sauke wa nauyi.

Mai Vespa, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai. Maganar Hajiya ta taɓa ni, domin lallai a faifai aka rufo tuwon, kuma na tafi ban ce a gaishe da mutanen gida ba. A dawowa da sassafe na wuce ƙauyen, ban so in tashe su ba. Yaya direba, in na kawo buhun dankalin turawa tasha ranar Asabar, za ka iya sauke musu shi? Zan kwatanta maka gidan, akwai tsamiya a ƙofarsa.

Hajiya, Kubwa, Abuja

Ka haɗa da turmin atamfa da sabulu, ɗana, kuma ka gaya wa direba ya faɗa da bakinsa cewa wannan na uwargida ne.