Neman shawara: kuɗin maganin Hajiyarmu ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum. Admin, a sakaya sunana. Daga Birnin Kebbi nake. Mahaifiyata na fama da asma da hawan jini, ni ke sayen maganinta duk wata. Abin shaƙar da ta saba da shi, Ventolin, sai na sha yawo nake samu, kuɗinsa kuma ya ninka. An ce in yi mata rajista da KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi. Har magani inshorar ke ɗaukewa, ko ganin likita kawai?

Wani mai kemis a Jega: Allah ya ba Hajiya lafiya. Kamfanin GSK mai Ventolin ya bar sayarwa da kansa a Najeriya tun 2023, ya miƙa wa dillalai, ga naira ta faɗi a shekarar. Sunan kamfani kake biya, ɗan'uwa. Ainihin maganin sunansa salbutamol, wasu kamfanoni na yin sa da sauƙin kuɗi. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Na hawan jinin kuwa kar ka canza sai likitanta ya yarda.

Wata ma'aikaciyar jinya: Yi rajistar, ƙanena. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ma ta wajabta inshora a kan kowa. Akwai kuma asusun BHCPF, kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da ake kula da tsofaffi da masu juna biyu da marasa ƙarfi da shi. Je asibitin mazaɓarku da lambar NIN ɗinta, ka tambaya ko za ta shiga. Sai dai inshora na da jerin magungunanta, kuma da sunan ainihin maganin ake rubuta su, ba na kamfani ba. In Hajiya ta kafe sai mai kwalin da ta sani, daga aljihunka ne.

Wani daga Argungu: Anti, a takarda kam haka ne. A 2024 Tinubu ya sa hannu a cire harajin kayan haɗa magani don kamfanonin gida su sauko da farashi. Ni dai ban gani a kanta ba, don kayan haɗin da dala ake sayo su. Kafin ka biya ko sisi, leƙa ɗakin maganin asibitin da za ka zaɓa, ka tambaya ko suna ajiye abin shaƙa.

Mai tambaya: Na gode. Litinin zan kai ta da tsohon kwalin. Rarrashinta ta karɓi sabon ne aikin.