Ocypus olens da Paederus fuscipes: wanne ne ke ƙona fata?

Mai_Lambu:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini da bayani kan ƙwari biyu da aka ce dangi ɗaya ne, wato Staphylinidae, masu gajerun fukafukan sama da ba sa rufe ciki. Ocypus olens baƙi ne wuluk, in an taɓa shi sai ya ɗaga bindi kamar kunama, ya wangale baki. Paederus fuscipes kuwa ɗan siriri ne mai launi. Ni babban nake tsoro. Shin shi ne mai dafin da ke tayar da bororo?

Malamar_Halittu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi ba ne. Ocypus olens yakan kai santimita 3, amma ba shi da ƙari a bindi. Abin da yake da shi cizo ne mai ɗan zafi, da wani ruwa mai ɗoyi da yake fitarwa ta ƙarshen cikinsa. An fi samunsa a Turai, yana farauta da dare, yana cin tana da tsutsotsi da gizo-gizo.

Ƙaramin ne abin kiyayewa, ko da yake bai kai santimita 1 ba. Kansa baƙi, ƙirjinsa ruwan goro, fukafukansa shuɗi mai sheƙi. Ba ya cizo, ba ya harbi. A cikin jininsa akwai guba mai suna pederin, wadda wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsa suke haɗawa, kuma macen ta fi ɗauke da ita. Sai an murje shi a kan fata gubar ke fita. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙunar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, ta fito a dogon layi inda hannu ya ja shi.

Manomin_Shinkafa:
Malama ta yi daidai, amma kada a yi masa kuɗin goro. A gonar shinkafa Paederus yana cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka, ni ban yarda a fesa masa magani ba. Hasken fitila ne ke jawo shi ɗaki da dare.

Mai_Lambu:
Na gode ƙwarai. To in ya sauka a wuyana fa?

Malamar_Halittu:
Hure shi, ko ka sa takarda ya hau. In ka riga ka murje shi, wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kuma kada hannun ya je ido. In ido ya kumbura, ka ga likita.