Tsohuwar tukunyar kabon-dayoksaid: a sake cika ta ko a haƙura da ita?

Mai tambaya:

Barkanku da warhaka, 'yan'uwa. Na daɗe ina haɗa giya a gida ina zuba ta a kwalabe, amma yanzu na sayi ganga mai cin lita 19 domin in huta da wankin kwalba. Abin da ya rage mini shi ne iskar da za ta tura giyar ta kuma ba ta kumfa. Kawuna ya ba ni wata tsohuwar tukunyar kabon-dayoksaid mai cin kilo 2.3, wadda ta yi shekaru a ajiye ba kowa a kanta. Fentinta ya ɓare, akwai tsatsa a gindinta, bawul ɗinta kuma a buɗe na same shi. A wuyanta an buga lambobi da yawa, na ƙarshe shi ne 04 da 11 da wata alama a tsakaninsu. Na kai ta wajen masu cika gas, mutumin ya duba wuyan kawai ya miƙo mini abata. Shin akwai hanyar da zan bi in yi amfani da ita ba tare da na jefa iyalina cikin haɗari ba?

Amsa ta farko:

Malam, mutumin nan ya yi maka gata. Lambobin da ka gani suna nufin watan Afrilu na 2011, wato lokacin da aka yi wa tukunyar gwajin ƙarshe, alamar tsakiya kuma ta wurin da ya yi gwajin ce. A Amurka ana sake gwada irin wannan tukunya duk shekara 5, a yawancin ƙasashen Turai kuma duk shekara 10, saboda haka ko da wace doka aka bi, taka ta wuce wa'adi. Yadda ake gwajin shi ne a cire bawul, a haska cikinta a duba, sannan a cika ta da ruwa a matsa shi fiye da ƙarfin da take ɗauka a kullum, a auna yadda jikinta ya buɗe da yadda ya koma. Da ruwa ake yi domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ko ta tsage ba za ta tarwatse ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba tsatsar waje ba ce, bawul ɗin da ka tarar a buɗe ne. Danshi ya shiga ke nan, kuma idan ruwa ya haɗu da kabon-dayoksaid yakan zama wani ɗan asid mai cin ƙarfe daga ciki, inda idonka ba ya kaiwa. Tunda ka ga jar tsatsa, tukunyar ta ƙarfe ce, maganaɗisu zai tabbatar maka. Idan an cika ta, iskar da ke ciki tana matsawa da kusan bar 57 (ma'aunin ƙarfin matsi) a zafin digiri 20, kuma tana hauhawa sosai idan wuri ya yi zafi. Ba abin da za a yi wa ganganci ba ne.

Amsa ta biyu:

Na yarda da mai amsa ta farko a kan gwaji, sai dai ni ban ga dalilin ɗaukar wahalar ba. Wasu masu sayar da gas suna karɓar tsohuwar tukunya su ba ka cikakkiya wadda gwajinta bai ƙare ba, su ƙara ɗan kuɗi a kai. Ka fara tambayar wannan, ka kwatanta da kuɗin gwaji da na sabon bawul.

Amsa ta uku:

Ɗan'uwa, kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi kawunka aikin da tukunyar ta yi a da. Ni na taɓa karɓar wadda asalinta ta kashe gobara ce, ban san cewa irinsu suna da siririn bututu da ke zuƙo ruwan gas daga ƙasa ba. Ina buɗewa sai regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas ɗin, ta yi fari fat da ƙanƙara, allurar agogon auna matsi ta riƙa rawa, roban ciki ya lalace. Giya tana buƙatar iskar da ke sama, ba ruwan da ke ƙasa ba, shi ya sa ma dole tukunya ta kasance a tsaye kuma a ɗaure. Ka kuma duba bakin bawul, domin na Amurka, CGA 320, ba ya shiga regiletar Turai.

Idan an zo cikawa, ka tsaya ka ga an ɗora ta a kan sikeli. Da nauyi ake cika wannan gas, ba da agogo ba. A wuyan za ka ga nauyinta idan babu komai a ciki, sai a ƙara kilo 2.3 a kai, kada a zarce, domin tukunyar da aka cika fiye da kima ita ce faifan kariyarta ke fashewa idan ta ji zafi. Ka nemi gas mai darajar abinci. Agogon kuwa zai tsaya wuri ɗaya har sai ruwan gas ɗin ya ƙare, sannan ya faɗi cikin ɗan lokaci, don haka sikelin ne zai gaya maka abin da ya rage. Bayan ka haɗa, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kada kuma ka ajiye ta a ɗakin kwana ko wurin da iska ba ta shiga, gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai da gaske. Na kira kawuna, ya ce ta injin lemo ce, ba ta kashe gobara ba. Maganaɗisu ya manne mata, kuma da na girgiza ta na ji wani abu kamar yashi yana motsi a ciki. Gobe zan kai ta wajen masu gwaji su cire bawul su haska, idan sun ce ta faɗi zan bar musu ita su huda ta, in sayi wata.