Shawarwari Kan Koyon Salon Maganar Turanci

Abin da malaman Turanci suka fi nanatawa shi ne kada a haddace dogon jeri. Salo 3 zuwa 5 a mako ya isa, kowanne cikin cikakkiyar jimla, a sake bitarsa bayan kwana 2, sannan bayan mako. Fassara kalma da kalma ce ke kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da JAMB: "under the weather" ba ruwansa da yanayi, ɗan rashin lafiya ne, "once in a blue moon" kuwa jefi-jefi.

Ba a musanya kalmomin da ke cikin salon magana. Aikatau kaɗai ke sauyawa da lokaci, kamar "spill the beans" ya koma "spilled the beans", wato ya tona asiri.

Inda malaman suka fi jan kunne shi ne muhallin da ake amfani da salon, kuma da gaskiyarsu. "Kick the bucket" mutuwa ce, amma cikin raha ake faɗinsa. Wanda ya furta shi wajen ta'aziyya ya ci zarafin masu makoki. A takardar neman aiki ma gara a faɗi magana kai tsaye. Akwai kuma bambancin ƙasa: Ingila "touch wood", Amurka "knock on wood", duka ana faɗinsu ne don guje wa rashin sa'a.