Majalisar yanki: hukuma ce ko ado?

Daga zauren 'yan unguwarmu na Garwa, a Arewacin Kamaru, bayan sallar Isha'i.

Alhaji Tanimu: Assalamu alaikum. Jiya a rumfa muka yi gardama da wani yaro har ya tashi bai shanye shayinsa ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Ni dai na ce majalisar yankin Arewa ado ce. Iko na hannun gwamna, shi kuwa daga Yawunde ake naɗo shi. Tun da aka kafa ta kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda ya ga akasin haka ya nuna mini da yatsa.

Ɗanjuma mai babur: Baba Alhaji ka gama magana. A hau hanyar Ngaundere a gani, rami na miƙa ka ga rami.

Malam Buba: Ɗanjuma, ka jefi wanda bai tsokane ka ba. Wannan babbar hanya ce mai lamba 1, ta gwamnatin tsakiya, ba ta cikin kason yanki. Alhaji, da girmanka, bari in faɗi abin da na sani, don ina kansila lokacin zaɓen majalisar na farko. Ranar 6 ga Disamba 2020 da hannuna na jefa ƙuri'a. Kujeru 90 ne a kowane yanki: 70 na wakilan gundumomi, mu kansilolin ƙananan hukumomi ke zaɓensu, 20 na sarakuna, su ke zaɓen junansu. A nan Arewa gundumomi huɗu ne, Benuwe, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey. Doka ta ba majalisa makarantun sakandare, manyan asibitoci na yanki da hanyoyin yanki. Firamare da ƙananan asibitoci na magajin gari ne. Wannan ba ƙaramin kaso ba ne.

Usman ɗalibi: Kawu, ka ce "mu kansiloli ke zaɓensu". To a nan gizo ke saƙa. Ni da katin zaɓena a aljihu ban da ƙuri'a a ciki. Wanda ban zaɓa ba, da wane baki zan tsare shi in ce ina aikina?

Malam Buba: Kai ka zaɓi kansila, kansila ya zaɓe shi. Yawancin sanatoci ma haka ake yi.

Usman ɗalibi: Shi ya sa tun kafin a buɗe akwati kowa ya san sakamako. Jam'iyyar da ta kwashe ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020 ita ta kwashe yankuna a Disamba: RDPC mai mulki tara, jam'iyyar UNDP ta ɗauki yankin Adamawa na nan Kamaru. Jam'iyyun adawa na MRC da SDF ma ba su shiga ba.

Malama Hadiza: Ku bar ni in ba ku labari, ba na siyasa ba. A makarantar da nake koyarwa, ba zan kira suna ba, iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu. Kwano ɗaya sai a bayan katangar maƙwabta muka tsinto shi, ya naɗe kamar tabarma. Muka haɗa yaran aji biyu a ɗaki ɗaya, huɗu a benci, wasu a bakin taga da littafi a cinya. Shugabanmu ya rubuta takarda. Ofis na farko suka ce ai yanzu an miƙa wannan aiki, a je can. Can suka ce an miƙo aikin amma kuɗinsa bai iso ba. Ya dawo da takardar ta sha hatimi biyu, ba kwano ko ɗaya. Ƙarshe kuɗin ƙungiyar iyaye aka tattara aka kira kafinta. Don haka Alhaji, ni ban ce ado ba ce. An ba ta tulu ne aka riƙe guga.

Alhaji Tanimu: Malama, ai kin ƙara mini gishiri a miya.

Malam Buba: A'a, ta raba ku ne. Kai ka ce ba ta da amfani, ita ta ce ba a sakar mata kuɗi. Dokar 24 ga Disamba 2019 ta ce kason da za a ba yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. A nan ya kamata a matsa, ba a ce a rushe ba. Ku tuna tsarin mulkin 1996 ne ya yi alkawarin majalisun nan, sai da aka shekara 24 kafin a gan su. Jaririn da aka daɗe ana naƙudarsa ba a yanke masa hukunci ranar suna.

Ɗanjuma mai babur: Jaririn nan fa ya isa shiga makaranta, Malam.

Usman ɗalibi: Kuma ko kuɗin ya zo, wa ke riƙe da alƙalami? Babban sakataren majalisar shugaban ƙasa ke naɗa shi. Gwamna ke sa ido kan shawarwarinta, kamar yadda perefe, wato shugaban gunduma, ke sa ido kan magajin gari. Sarakuna ashirin ɗin kuwa, tun dokar 1977 mataimakan hukuma ne, tun 2013 kuma suna karɓar kuɗin wata, mai daraja ta ɗaya sefa 200,000. Wanda ya ci ladan kuturu…

Hajiya Ladi: Usman, kama bakinka. Lamido ba sa'anka ba ne. Lokacin da shanu suka shiga gonar audugar ƙanena, ba ɗan majalisa ya raba rigimar ba, jauro ne da lawan, a ƙarƙashin darbejiya, kafin Azahar an gama. Waɗanda suka san iyakar kowace gona su za ka ce a fitar daga zauren?

Usman ɗalibi: Allah ya huci zuciyar Inna. Ban zagi kowa ba, tsarin nake nufi.

Sani na Yola: Ni da nake tsallaken iyaka abin na ba ni mamaki. A nan mu ke zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha kai tsaye, kason jiha kuma duk wata yake zuwa daga Abuja.

Malam Buba: Ku tarayya ce, Sani. Mu an rufe wannan babi tun ƙuri'ar raba-gardama ta 20 ga Mayu 1972, a hannun Shugaba Ahijo, ɗan garin nan. Har 1983 ma daga Ngaundere zuwa Kuseri lardi ɗaya ne, Garwa ce hedkwata, sannan aka raba uku. Sunan lardi bai koma yanki ba sai 2008.

Alhaji Tanimu: Sauya suna kenan, an bar jaki an ce doki. Amma tun da an zo nan, ga wadda ta fi ci mini rai. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisa sai ɗan asalin yankin. Kakana daga Kano ya zo da fataucin goro, a nan aka binne shi, a nan aka yanke cibiyar mahaifina da tawa. Haraji ban taɓa tsallakewa ba. To ni ɗan asali ne ko baƙo? Wa zai yanke?

Hajiya Ladi: Wannan kam ta taɓa mu duka.

Malam Buba: Zama ɗan majalisa ba a hana ka ba, Alhaji, kujerar shugaba ce aka yi wa sharaɗin. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma kalmar ba ta kwanta mini ba.

Alhaji Tanimu: Madalla, yau ɗaya mun haɗu. Saura gwaji. Duk wanda ke zauren nan ya rubuto sunan wakili ɗaya na Benuwe, ba tare da ya tambayi kowa ba. Ban da Malam Buba.

Ɗanjuma mai babur: Na san motar ɗaya daga cikinsu. Fara ce.

Malama Hadiza: Malam Buba, tun da kai ka san su, akwai aji na uku da rufinsa ke ɗaga kai duk sanda hadari ya taso. In na kawo takarda za ka raka ni?

Malam Buba: Kawo kwafi biyu, da hoton rufin. Gobe bayan La'asar ina gida.