Manhaja ɗaya, nauyi biyu: ko bairos ne?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na C++ wadda za ta riƙa ƙirga buhunan shinkafa da bashin 'yan kasuwa a shagonsa na Birnin Kebbi. Layi ɗari biyu ne kacal. Da na haɗa ta a Code::Blocks (manhajar da ke mayar da rubutun zuwa fayil mai aiki) sai fayil ɗin ya haura MB 2. Abokina ya haɗa wannan rubutun dai a Visual Studio (irinta ta Microsoft), nasa ko KB 100 bai kai ba. Sai dai da muka kai nasa kwamfutar shago ya ƙi buɗewa, wai babu MSVCP140.dll, nawa kuwa ya tashi lafiya lau. Abokin ya ce bairos ne ya kumbura nawa. Na dai tuna wani ya sa na ƙara -static, ban san aikinsa ba. Wanne zan ba Kawu?

Malama daga Gusau:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ba bairos ba ne, wannan -static ɗin ne. Ba kai ka rubuta cout (mai fitar da rubutu a allo) ba, a cikin laburaren C++ yake, kuma dole manhajarka ta same shi a wani wuri. Da -static, kai ka ce wa linka (mai haɗa rubutunka da laburare) ta ɗebo abin da ake buƙata ta cusa cikin fayil ɗinka, kamar mai tafiya Argungu da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa. Abokinka hannu rabbana ya tafi, yana sa ran akwai komai a masauki. Kwamfutarsa na da DLL ɗin, wato fayilolin laburare na waje irin su MSVCP140.dll, don Visual Studio ya zo da su, ta shago kuwa babu. Nauyin nasa yana nan, a waje ya bar shi. Kuma iostream, sashen laburaren da cout yake ciki, ba ya tafiya shi kaɗai, yana jawo tarkacen sarrafa harsuna da lambobi ko ba ka taɓa su ba.

Injiniyan Yauri:
Ƙari kan bayanin Malama: duba ko a Debug (yanayin gwaji) kake. A can ana saka -g, wato sunan kowace fankshin da lambar kowane layi don neman kuskure, kuma Kawu ba ya buƙatarsu. Koma Release (yanayin fitar da manhaja ga masu amfani), ka saka -s ya share su, da -Os don kwamfaila (mai fassara rubutunka zuwa harshen na'ura) ta fifita ƙanƙanta. Kada ka ruɗu da -O3, shi gudu yake nema, yakan kwafi fankshin ya liƙa a duk inda aka kira ta, fayil ya ƙara ƙiba.

Wani ɗalibi:
Ka matse shi da UPX kawai, manhajar rage girman fayil.

Injiniyan Yauri:
A'a, bar UPX. Antibairos kan yi zargin fayil ɗin da aka matse haka, ka ga maganar abokinka ta tabbata a idon Kawu. Ni inda nake ƙirga kowane bait shi ne ƙaramar na'urar Arduino Uno, mai wurin ajiye manhaja KB 32 kacal. A kwamfutar shago MB 2 ko hoton waya ɗaya bai kai ba.

Malama daga Gusau:
In abokin na son nasa ya tashi, ko ya saka Visual C++ Redistributable (kunshin DLL ɗin) a can, ko ya sauya /MD zuwa /MT, wato irin -static na Visual Studio. Nan take zai ga nasa ma ya ƙaru.

Ɗan Jega:
Na gode Malama, na gode Injiniya. Na koma Release da -s, ya ragu da fiye da rabi, na bar -static ɗin. Gobe bayan Azahar zan kai wa Kawu a filash.