Talabijin mai cin wuta kaɗan: abin da masu gyara a Maradi suka ce

Masu gyaran tele da masu haɗa sola sun yi ittifaƙi a kan abu guda: kafin a yi ciniki, a juya akwatin a karanta takardar da ke manne a bayansa, inda aka rubuta wat, wato ma'aunin wutar da take ci. Akwatin tele samfurin LED mai inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50, mai inci 43 ya kai 60 zuwa 80. Tsohuwar tele mai ƙeya da plasma kuwa a bar su, ko da an karya kuɗinsu.

Mai sola shi ya fi bukatar lissafi. Wat 40 na awa 5 ya zama wat-awa 200, sai a ƙara na dikoda. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1200, amma rabi kawai ake ja idan ana so ya daɗe. Shi ya sa suka fi yaba tele mai shan volt 12 kai tsaye, domin na'urar juya wuta tana cinye wani kaso a banza.

Da an kai gida, a shiga saitin tele a cire ta daga tsarin kanti a mai da na gida, a rage hasken bayan allo zuwa rabi. Hasken nan ne babban mai cin wuta, kuma barinsa a ƙure yana ƙona fitilun, sai a ji murya babu hoto.

Masu wutar NIGELEC su sa regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta. A bar tazarar tafin hannu tsakanin tele da bango saboda zafin bazara, a riƙa share ƙurar ramukan iska lokacin hunturu.